Karatun Jarida A Turai: Abin Da Ke Tsakanin Ranar Tafiya Da Ranar Dawowa

A ƴan shekarun nan ba sabon abu ba ne a kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Birnin Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya da Maigatari, ka ji ana cewa ɗan Alhaji wane ya gama jami'a, ya ɗan taɓa aiki a gidan rediyo, yanzu kuma ya matsa sai an tura shi Turai ya ƙaro digiri na biyu a fannin aikin jarida. Kuɗin irin wannan tafiya kuwa akasari daga kasuwa suke fitowa, daga buhunan wake da albasa da aya, daga cinikin dabbobi da atamfa. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba ya yarda ya sayi buhu bai kwance bakinsa ya ga abin da ke ciki ba, a nan sai ka tarar iyakar saninsa ranar tafiya da ranar dawowa. Abin da ke tsakani, wato yadda yaron zai ci, ya kwana, ya yi karatu, ya kuma koyi neman labari a garin da bai san kowa ba, shi za mu duba a yau. Don kada magana ta watse mana, za mu tsaya a gari guda, wato Kadif, babban birnin yankin Wels na ƙasar Birtaniya, inda ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun aikin jarida na ƙasar take.

Kadif gari ne na bakin teku mai mutane kimanin 360,000 bisa ƙidayar 2021, tafiyar kamar awa 2 daga Landan a jirgin ƙasa. An kafa cibiyar koyar da aikin jarida a jami'ar garin a 1970, kuma wanda ya fara jagorantarta, Tom Hopkinson, mutum ne da ya san Afirka. Shi ne editan mujallar hotuna ta Picture Post daga 1940 zuwa 1950, lokacin da mai mujallar ya sallame shi saboda ya kafe sai an buga rahoton yadda ake gallaza wa fursunoni a ɓangaren Koriya ta Kudu lokacin yaƙin Koriya. Daga baya ya riƙe mujallar Drum a Afirka ta Kudu daga 1958 zuwa 1961, sa'an nan ya yi shekaru a Nairobi yana horar da ƴan jaridar ƙasashen da suka sami ƴancin kai. Tun 2018 makarantar ta koma tsakiyar gari, gab da tashar jirgin ƙasa, inda take maƙwabtaka da babban ofishin BBC na Wels. Karatun digiri na biyu shekara ɗaya ne cif, daga Satumba zuwa Satumba, kuma a ajin aikin jarida na ƙasa da ƙasa za ka tarar da ɗan Sin da ɗan Indiya da ɗan Afirka a teburi ɗaya.

Lissafin Kuɗi

Mu fara da abin da ɗan kasuwa ya fi ganewa. Kuɗin makaranta kaɗai ga baƙo sun haura fam 20,000. Kafin a ba shi biza kuma sai ya nuna yana da kuɗin zama. Daga Janairun 2025 an tsayar da fam 1,136 a kowane wata ga wanda zai zauna a wajen Landan, a lissafa na wata 9, wato fam 10,224, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sake ɗaga adadin. Ba nunin rana ɗaya ba ne fa, a ara da safe a mayar da yamma. Dole kuɗin su kwana 28 a jere cikin asusun banki, ba su yi ƙasa da adadin ba ko na yini guda, kuma asusun sai na ɗalibin ne ko na iyayensa ko na wanda doka ta ba riƙonsa. Na kawu ko na yaya ko na ubangida ba ya karɓuwa. Wannan sharaɗi shi ya fi ba mutanenmu wahala, domin ɗan kasuwa ba ya barin kuɗi su yi barci. Dukiyarsa tana cikin sito, tana kan mota, tana hannun abokan ciniki. Alhajin da ke loda tirela uku a mako, in dai ba ya ajiya a banki, a idon ofishin biza ba shi da ko dala.

Bayan wannan akwai kuɗin bizar kanta, fam 524 a farashin Afrilun 2025, da harajin asibiti fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, wanda ake biya gaba ɗaya kafin a taka ƙasar. Da yake bizar tana ɗan zarce shekara guda, yawancin masu digiri na biyu na shekara da rabi suke biya, fam 1,164. In an tara duka, ban da jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka da tikitin jirgi, za a doshi fam 32,000. A canjin da ake yi a 2024 da 2025, fam ɗaya kusan sefa 770, wannan ya zarce sefa miliyan 24. Mai karatu ya fi ni sanin buhu nawa ke nan.

Akwai kuma abin da ƴan canji suka sani tun kafin kowa: ba adadin kuɗin ne kaɗai abin tsoro ba, har da irin kuɗin da za a biya da su. Tun 1999 sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka uban da ke biya daga Maraɗi yana iya yin lissafin shekara ya tsaya kusa da inda ya ajiye shi. Na Katsina ko Sakkwato kuwa ya ga tasku. A watan Mayun 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen 2024 fam ya haura naira 2,000. Wanda ya tanadi kuɗin shekara sai ya wayi gari ba su kai na wata huɗu ba. A watan Mayun 2024 kafofin labarai suka ruwaito yadda Jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila ta dakatar da ɗalibai ƴan Najeriya da dama da suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, har hukumar shige da fice ta umarci wasunsu su bar ƙasar. Jami'a a can ba ta san a yi haƙuri sai kaka ba.

To, ai sai ya yi aiki ya taimaki kansa, in ji wani. Gaskiya ne doka ta yarda, amma da iyaka: awa 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu, kuma a jami'o'i da yawa watannin rubuta kundin ƙarshe ma cikin zango ake ƙirga su. Mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, wato kamar fam 244 a mako in an cika awannin duka. Wannan zai iya riƙe haya da abinci da ƙyar, amma ba zai taɓa kuɗin makaranta ba. Ayyukan da ake samu kuwa su ne jera kaya a manyan kantuna, wanke kwanuka, ɗaukar kaya a sito, da kula da tsofaffi. Wanda a gida ake jin muryarsa a rediyo ana nuna shi a kasuwa, a can shi ne zai tashi ƙarfe 5 na asuba ya je goge daɓe kafin shiga aji.

Ga kuma wata doka da ya kamata kowane ɗan gidan kasuwa ya ji da kunnen basira: bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai gaba ɗaya. Ba saye da sayarwa, ba buɗe ɗan shago a intanet, ba ɗauko shadda ko turare daga gida a sayar a fitar da riba. Yaron da ya tashi a rumfa, wanda jininsa ba ya iya ganin ciniki ya wuce, nan ne zai iya jefa kansa cikin matsala ba da niyya ba. Kuma dokar ta shafi aikin jaridar kansa, domin ɗalibi ba shi da izinin rubuta labari ya sayar wa wata kafa a matsayin mai zaman kansa. Ya je koyon sana'a, amma an hana shi cin abinci da ita har sai ya gama.

Baƙo Ba Fatoma

Duk wannan lissafi ne, kuma lissafi ana iya yin sa tun daga gida. Abin da ba ya shiga takarda shi ne wanda a ganina ya fi nauyi. Fataken da, da suke kai shanu da goro tsakanin Kano da Gwanja ko Ibadan, ba su taɓa shiga gari hakanan ba. Akwai zango, akwai fatoma da zai sauke su, ya ba su ɗaki, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in an ba da bashi. Har gobe haka muke yi, wanda ya taso daga Damagaram zai sauka a Kwatano ko Lome ya san gidan wa zai nufa. Ɗalibi a Kadif ba shi da wannan. Ko ɗakin haya zai kama, da yawa daga masu gidaje sai sun nemi wani mazaunin ƙasar da zai tsaya masa, in babu su ce ya biya na watanni da dama gaba ɗaya. Takardar haya kuma in ya sa hannu ta ɗaure shi, ko ya ji daɗin gidan ko bai ji ba.

Ga ɗalibin lissafi ko na haɗa magunguna wannan rashin sani damuwa ce ta zama kawai. Ga ɗan jarida kuwa uwar kuɗinsa ce ta tafi. Mu da muka koyi aikin a bakin makirufo mun san jarin ɗan jarida ba na'ura ba ce, mutane ne. A gida in farashin masara ya tashi, ka san sarkin kasuwa, ka san direban da ya kwana a shingen duwan, ka san wanda zai gaya maka gaskiya da wanda zai ƙara gishiri, ka san dangin kowa da abin da yake karewa. Wannan sani shekaru ake yi ana tara shi, kuma ba ya shiga jirgi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Tun makonnin farko malami zai tura ɗalibi cikin gari ya samo labari ya kawo kafin wa'adi, ga shi bai san sunan unguwanni ba, bai san wane ne kansila ba, Turancin da ya koya a makaranta kuma daban, wanda ake yi a bakin titi da sauri da karin harshen Wels daban. Zai tare mutum goma a tashar bas, watakila biyu su tsaya. Can ba a fara magana da doguwar gaisuwa, ba ina kwana, ina gajiya, ina iyali. In ka wuce daƙiƙa kaɗan ba ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake so ba, mutum ya duba agogo ya yi gaba. Ofisoshin gwamnati kuma ba a shiga a ce ana son ganin mai gida; wasiƙar intanet za ka aika wa jami'in hulɗa da ƴan jarida, ka zauna jiran amsa, kuma ɗalibi shi ne na ƙarshe a layi.

Amma a cikin wannan wahalar ne ainihin karatun yake. Wanda ba shi da wanda zai kira dole ya koyi neman takarda: rahoton zaman majalisar gari, kasafin kuɗi, rajistar kamfanoni, jadawalin kotu, waɗanda duk a buɗe suke ga kowa. Akwai dokar ƴancin samun bayanai ta 2000, wadda ta fara aiki sosai a Janairun 2005, da ta ba kowane mutum, ko ba ɗan ƙasa ba ne, damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwanakin aiki 20. Najeriya ta yi irin wannan doka a 2011, Nijar ma a shekarar ta fitar da tata, sai dai ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa gwada amfani da su. Ɗalibin da ya cika irin wannan takarda sau biyar a Kadif, ya ga an amsa masa, in ya dawo ba zai ƙara yarda da an ce an ce ba a kan kuɗin da aka ware don gyaran kasuwa.

Masu sassauta wa baƙo zaman su ne baƙin da suka riga shi. A zamanin da Kadif ke cikin manyan tashoshin fitar da gawayin kwal na duniya, kafin yaƙin duniya na farko, ma'aikatan jiragen ruwa ƴan Yaman da Somaliya suka zauna a unguwar Butetown ta bakin tashar, kuma jikokinsu suna nan da masallatansu. A kan titin City Road akwai shagunan Larabawa da Turkawa da ƴan Pakistan inda ake samun naman yanka da shinkafa da kayan yaji. Shagunan ƴan Afirka kuma sun fi ajiye garin rogo da manja da doya, gero da daddawa sai an yi sa'a. Iyaye mata su lura da wannan: dokar ƙasar ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko abin da aka yi da madara, don haka kilishi da dambun nama da man shanun da aka ɗaure wa yaro da ƙauna, a filin jirgi za su tsaya.

Sai yanayi. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, ƙarfe 4 da ƴan mintoci ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin awa 4 ana tsakiyar darasi. Ga ruwan sama da ba shi da damina ba shi da rani. Sanyin ma da kuɗi ake korarsa, domin dumama ɗaki da gas ko lantarki ake yi, kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a 2022. Mutumin Sahel da bai taɓa kwana uku bai ga rana ba, zai iya yin mako biyu a haka, shi kaɗai a ɗaki, maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 kuma aka hana masu irin wannan digiri na shekara ɗaya tafiya da iyali, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Magidanci zai bar mata da ƴaƴa, mace mai aure za ta bar nata, wato gida biyu ake ciyarwa, kuma na nan gida a wuyan wanda ya biya kuɗin makarantar yake komawa. Sauƙi ɗaya dai, agogo bai raba mu da nisa ba: da hunturunsu mun riga su da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa lokacinmu ɗaya.

Darasin Kotu

A cikin aji, darasin da ya fi girgiza ɗalibi daga yankinmu shi ne na shari'a. A Ingila da Wels, in ka buga magana a kan mutum ya kai ƙarar ɓata suna, kai mai bugawa ne za ka kawo hujjar cewa gaskiya ce, ba shi zai tabbatar da ƙarya ce ba. Haka kuma bisa dokar raina kotu ta 1981, da zarar an kama mutum, ɗan jarida ba shi da ikon buga abin da zai iya karkatar da hankalin waɗanda za su yanke masa hukunci. Mu da muka saba ganin an jera waɗanda ake zargi a gaban kyamara da kayan da aka ce an kama su da su, ana kiransu ɓarayi tun ba su ga alƙali ba, sai mu ga abin kamar tsoro ne. Ba tsoro ba ne. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa ambatar sunansa a rediyo cikin maganar fasa ƙwauri, daga baya aka gano ba shi da laifi, ya san cewa wanke suna ya fi wanke riga wuya. A kotunan can kowa na iya shiga ya zauna, amma ba ɗaukar hoto, ba naɗar murya, shi ya sa masu shirin aiki a jaridun ƙasar suke koyon wani rubutun taƙaitawa mai suna Teeline har su kai kalma 100 a minti.

Wani abin da ke kayar da ɗalibai shi ne kwafar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba. A wasu gidajen rediyonmu a ɗauko labarin wata kafa a karanta kamar na gida ba a ɗauke shi komai ba. A can akwai manhajar kwamfuta da ke tace duk aikin da aka miƙa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga kora, sefa miliyan 24 su bi ruwa saboda sakin layi uku.

Da an shiga watan Yuni sai aikin ƙarshe, ko dogon bincike ko jerin rahotanni, kuma a nan ne ɗalibi yakan waiwayo gida, domin labarin da ya fi kowa sani a ajin yana nan bakin iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, ba a buɗe tsakanin ƙasashen biyu ba sai Maris na 2024. Nawa aka yi asara, wa ya ci riba, ta wace hanya kaya suka riƙa bi, waɗannan tambayoyi ne da ɗan Sin da ɗan Indiya na ajinsa ba su da hanyar amsawa, shi kuwa lambobin waya suna aljihunsa. Sai dai jami'a ba ta barin a yi hira da kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma wanda za a yi hirar da shi ya nuna yardarsa. Ka ce wa dillalin shanu a Maigatari ya sa hannu a takardar Bature kafin ya yi magana a kan hanyar bayan gari, ka ga yadda hira ke mutuwa. Dole ɗalibi ya zauna ya fahimtar da malamansa yadda amana ke aiki a wurinmu, a nemi hanyar da za a ɓoye sunan mutum a kuma karɓi yardarsa da baki.

Akwai wani darasi da ba ya cikin jadawali, wanda ni a matsayina na ma'aikacin rediyon karkara ya fi burge ni. Wels ƙasa ce mai harshe biyu, kamar wannan jarida. Duk allon hanya da takardar hukuma da harshen Wels da Turanci ake rubuta su. Masu jin harshen, bisa ƙidayar 2021, mutum 538,300 ne kacal, ba su kai mutanen birnin Yamai ba. Amma suna da gidan rediyonsu na BBC tun 1977, da tashar talabijin ta S4C tun 1 ga Nuwamban 1982, wadda ba a same ta ba sai da wani ɗan siyasarsu, Gwynfor Evans, ya yi barazanar ƙaurace wa abinci har mutuwa a 1980, gwamnatin Margaret Thatcher ta sauko. Suna kuma da ƙananan jaridun unguwa da ƴan sa kai ke bugawa da harshensu tun shekarun 1970. Bahaushen da ya baro harshe mai masu magana miliyoyi barkatai yana ganin sai da Turanci ko Faransanci ake zama cikakken ɗan jarida, in ya buɗe ido a Kadif zai dawo da wani tunani.

Bayan An Karɓi Takarda

Da yawa daga masu tafiya, da iyayensu, abin da ke ransu shi ne yaro ya zarce sashen Hausa na ɗaya daga cikin manyan gidajen rediyon duniya, a riƙa jin muryarsa safe da yamma. A da wannan hanya ce sananniya. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ga kuma Muryar Jamus a birnin Bon. Amma kasuwar ta canja. BBC ta bar tsohon gidanta na Bush House a 2012, a Satumban 2022 ta sanar da soke guraben aiki 382 a sashenta na duniya, a Janairun 2025 ta ƙara 130, kuma kaso mai yawa na aikin sashen Hausa daga Abuja ake yin sa, ba daga Landan ba. A Maris na 2025 umarnin Shugaba Trump ya sa shirye-shiryen Hausa na Muryar Amurka suka yi tsit. A Nijar an dakatar da Rediyon Faransa a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024.

Zama a Birtaniya bayan karatu ma ƙofarsa tana ƙara tsukewa. Tun Yulin 2021 wanda ya gama yana iya neman bizar shekara 2 ya yi kowane irin aiki, amma a 2025 gwamnati ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Bayan nan sai ya sami kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, kuma albashin da doka ta gindaya ya tashi zuwa fam 38,700 a shekara a Afrilun 2024, sa'an nan 41,700 a Yulin 2025. Ko da sassaucin da ake yi wa sabbin shiga, albashin sabon ɗan jarida a jaridun gari bai kai nan ba. Don haka wanda ya sa kuɗinsa da niyyar yaro zai zauna a can ya riƙa aiko da fam, ya yi cinikin biri a sama. In akwai riba a wannan tafiya, a gida take fitowa, lokacin da dabarun da ya koya suka haɗu da mutanen da ya bari.

Ba Birtaniya ce kaɗai hanya ba. Ƴan Nijar a da Faransa suka fi nufa, musamman makarantar aikin jarida ta birnin Lil da aka kafa a 1924, amma Faransa ta daina ba da biza a Yamai a 2023, ofishin jakadancinta ya rufe a Janairun 2024. A Jamus, cibiyar horarwa ta Muryar Jamus ta buɗe digiri na biyu na shekara 2 a Bon a 2009, kuma daga Satumban 2024 ƙasar tana neman ɗalibi ya kulle yuro 11,904 a asusu na musamman don zaman shekara, kusan sefa miliyan 7.8. Kusa da gida akwai CESTI a Dakar tun 1965, da ESSTIC a Yawunde da ta samo asali a 1970, da makarantar da a da ake kira IFTIC a Yamai, da Jami'ar Bayero a Kano, inda motar haya za ta kai mutum, kuma buhun gero zai iya binsa.

Ga wanda ya nace sai Birtaniya alhali aljihu bai kai ba, akwai tallafin Chevening na gwamnatin ƙasar, wanda aka fara a 1983, yana biyan kuɗin makaranta da na zama da tikitin zuwa da dawowa. Ana buɗe neman sa a watan Agusta don karatun shekara mai zuwa, kyauta ne, ba a biyan dillali ko sisi. Sai mai digiri na farko, abin da ya fitar da irinmu da yawa daga layi, kuma sai an nuna an yi aiki na awa 2,800, kamar shekara 2 ke nan. Wanda aka zaɓa yana sa hannu cewa da ya gama zai koma ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara 2.